Hannun da Ya Riƙe Injin

Akwai wani ɗan kasuwa da ake kira Tsawa. Ba sai na faɗa muku inda ya samo sunan ba. Idan yana waya a shagonsa, har masu shagon ƙarshen layi sun san da wa yake faɗa. Sana'arsa sayar da ƙwayar roba, wadda masana'antu ke narkawa su yi bokiti da kujera da takalmi.

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne saurinsa. A da, idan kamfani ya durƙushe, masu bin bashi wawaso suke yi, wanda ya riga isa da mota da ƙarti shi ya ci. Tsawa bai taɓa zuwa na biyu ba. Janaretan gidansa ma haka ya same shi, kuma duk baƙon da ya zauna a falonsa sai ya sha labarin, ko yana so ko ba ya so.

Yana da ƙane guda, Auta, wanda ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu. Shi ya samar masa aiki a wani kamfanin takalman roba da yake kai wa kaya. Auta ne ke kula da babban injin da ke fitar da takalma, kuma yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da matansu.

Sai kamfanin nan ya fara tangal-tangal. Albashi ya tsaya, kuɗin kayan Tsawa ma ya maƙale. Mai kamfanin bai gudu ba, ya je kotu ya nemi kariyar sabuwar doka. Dokar ta ce kamfanin da bashi ya danne amma yana da sauran numfashi, za a ba shi lokaci ya gyara. A cikin lokacin babu mai bin bashin da zai taɓa ko tsintsiya. Kotu ta janye mai kamfanin gefe, ta naɗa wata akanta ta riƙe wurin a madadinta.

Wakiliyar kotun ta tara masu bin bashi a ɗakin taro, ta yi musu bayani a natse. Akwai wani mai jari da ke son shigowa, muddin injin na aiki. Ma'aikata za su ci gaba da aikinsu, kowa kuma za a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Ta ce za a kaɗa ƙuri'a a kan shirin.

Tsawa ya daki tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Ƙuri'a? Da na kawo kayana ƙuri'a aka kaɗa?"

"Alhaji, ka yi haƙuri ka zauna. Idan aka wargaza wurin nan, banki ne zai fara ɗauka, domin injin jinginarsa ne. Ku na baya sai abin da ya rage. Idan kuwa ya rayu, kai ne za ka ci gaba da kawo musu kaya."

"Ke, tun ba ki san hanyar makaranta ba nake karɓar haƙƙina!"

Ya shuri kujera ta bugi bango, ya fice.

Ni dai a nan ne na fi jin haushinsa. An gaya masa gaskiya da bakin da kowa zai gane, amma a kunnensa haƙuri da tsoro abu ɗaya ne.

Da yamma ya kira Auta a waya.

"Gobe kada ka je aiki."

Auta ya ce, "Yaya, me za ka yi?"

"Ban tambaye ka ba. Na ce ka zauna a gida."

"Yaya, don Allah. Injin nan shi ne abincin mutanen wurin gaba ɗaya. Akwai masu jego, akwai masu jinya."

Tsawa ya kashe wayar. Bai ko yi tunanin Auta zai saɓa ba, domin tun yana yaro bai taɓa ce masa a'a ba.

Washegari da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofar kamfanin, cike da ƙartin haya riƙe da adduna da gora da sarƙa, Tsawa na jagorantarsu. Maigadi ya nuna musu umarnin kotu da ke manne a ƙofa. Wani ya sauke masa gora a ka, ya faɗi, suka tsallake shi.

Wakiliyar ta fito da gudu ta tare Tsawa a tsakar fili.

"Alhaji, wannan raina kotu ne! Ka mayar da su tun ba a yi ɓarna ba!"

Ya hankaɗe ta, goshinta ya bugi ƙarfen matakala, jini ya wanke mata fuska. Bai ko waiga ba.

Cikin ɗakin injin abin ya fi muni. Ma'aikata suna sanye da rigar aiki iri ɗaya, da hula da abin rufe hanci, ba ka gane wani daga wani. Ƙartin suka afka musu. Aka fasa kawuna, aka karya haƙarƙari. Wani ya sare wayar wuta, fitilu suka mutu, hayaƙin narkakkiyar roba ya turnuƙe ɗakin. Masu iya gudu suka bi ta taga.

Ƙartin suka ɗaura sarƙa a injin, suka haɗa da motar waje. Amma mutum ɗaya ya ƙi gudu. Ya cusa hannunsa na dama cikin ƙarfen injin ya rungume, yana ihu ta cikin abin rufe hanci cewa injin na da zafi, idan aka ja shi haka zai tsage. Suka yi ta dukansa a baya da gora, bai saki ba.

Babban ƙartin ya leƙo ƙofa. "Maigida, akwai wani taurin kai a nan, ya ƙi sakin ƙarfen."

Tsawa yana tsaye a bakin ƙofa, hayaƙi ya cika masa ido, ƙarar mota ta cika masa kunne. Ya hango mutum a durƙushe, ya daka tsawar nan tasa.

"To ku raba shi da hannun mana! Me na biya ku?"

Adda ta sauka.

Ihun da ya biyo baya kalma ɗaya ce: "Yaya!"

A daidai lokacin motar ta ja, injin ya tsage da ƙara kamar bango ya rushe. Tsawa ya kutsa cikin hayaƙin, ya faɗi kan gwiwoyinsa, ya fizge abin rufe hancin. Auta ne. Ƙartin haya ba su san ƙanen kowa ba, aikin da aka sa su suka yi. Da suka ga jini na malala, suka zubar da makamai suka watse.

Likitoci sun ceci ransa, amma ba su ceci hannun ba.

Mai jari ya zo ya ga injin a tsage, ya juya. Kotu ba ta da sauran abin gyarawa, ta ba da umarnin a sayar da komai. Banki ya kwashi nasa, masu bin bashi suka tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ma'aikata suka koma gida. Tsawa kuwa aka yanke masa ɗauri mai tsawo. Mahaifiyarsu ta hana a ambaci sunansa a gabanta.

Bayan an daɗe, Auta ya kai masa ziyara. Tsawa ya fito ya rame, muryar nan ta tafi, sai ka matso kake jin abin da yake faɗa. Da ya ga ƙanensa, sabo ya sa ya miƙa hannu su gaisa.

Auta ya dubi hannun, ya dubi hannun rigarsa da aka naɗe da fil.

"Yaya, da wanne zan karɓa?"

Tsawa ya kifa kansa a kan teburin, ya yi kukan da ko mai gadin kurkukun sai da ya kau da kai.

Darasi: Haƙƙinka haƙƙinka ne, amma idan doka ta ce a dakata a gyara, dakatawar ba rauni ba ce. Wanda ya saki fushinsa da ƙarti ba shi ke zaɓar wanda zai faɗa a kai ba, sau da yawa nasa ne ke tsaye a wurin. Ku tura wa duk wanda kuka san zuciya na ɗibarsa, wataƙila ku ceci hannun wani.