Bencin Inna da Tudun Injiniya

Akwai wani mutum a wata sabuwar unguwa da ke bayan gari, ana ce masa Injiniya. Ba injiniya ba ne, shagon fenti gare shi. Amma ba a taɓa kawo matsala gabansa ya ce bai san maganinta ba, shi ya sa sunan ya bi shi.

Ranar wata Asabar da ƙarfe huɗu na yamma ya dawo gida, ya tarar da mahaifiyarsa, wadda duk layin ke kira Inna, zaune a kan benci a ƙofar gida. Tare take da ƙawarta ta gidan da ke tsallaken titi, kamar kullum. Sun jera manyan tukwanen fulawa a gabansu har sun ɗan ci gefen kwalta.

"Inna, mutane za su ce ban yi miki falo ba," in ji shi.

"Falon naka ba ya gaishe ni, Babban Mutum," ta ce.

Ya yi dariya, amma washegari ya sa aka kai bencin sito, tukwanen kuma aka shigar da su tsakar gida. Ƙofar gida ta yi fes. Ya tsaya yana kallo, ransa ya yi daɗi.

Ba a daɗe ba layin ya canza. Motocin da ke yanke hanya ta nan zuwa babban titi suka fara wucewa da gudu. Inna da sanda take tafiya. Wata safiya tana tsallakawa gidan ƙawarta, wata mota ta wuce daf da ita, sandar ta suɓuce, taya ya bi ta kai ya karya ta.

Daga ranar Inna ba ta ƙara tsallakawa ba. Ƙawar ma ciwon gwiwa ya hana ta tsallaka titin da motoci ke wannan gudu. Sai dai su ɗaga wa juna hannu ta taga.

Injiniya bai shawarci kowa ba. Ya kira magina suka yi tudun rage gudu a daidai ƙofarsa, mai tsayi sosai.

Motoci suka riƙa taka birki da ƙara, su haye a hankali, su sake fizga kamar masu huce haushi. Masu babur kuwa suka daina bin kwalta a wurin, suna ratsewa ta bakin ƙofarsa, daidai inda Inna za ta sa ƙafa. Motarsa ma kullum sai cikinta ya gogi tudun.

"Sannu da hawan dutse," matarsa takan ce idan ya shigo.

Wata rana ya leƙa ɗakin Inna, ya ga jaka a buɗe a kan gado.

"Ƙanwarka za ta zo ta ɗauke ni ƙarshen wata," ta ce, tana ninke zani. "Ba faɗa muka yi ba. Ni dai ban iya zaman kallon bango ba."

Abin ya tsaya masa a rai, kuma wata tambaya ta hana shi sakat. Titin bai canza ba. Motocin su ne dai na da. Shekaru Inna tana tsallakawa ba tudu, ba komai. To me ya faru?

Da yamma ya ɗauko kujerar roba ya zauna a ƙofar gida don ya gani da idonsa. Sai ya lura da wani abu: wasu direbobin tun daga nesa suke sassautawa, su leƙo, da sun ga shi ne sai su ƙara wuta.

Ya tsayar da mai motar burodi.

"Malam, wa kake nema da kake leƙe?"

"Inna mana. Lafiyarta kuwa? Na zaci ta yi tafiya."

"Ka san ta ne?"

"Wa bai san ta ba? In ka wuce ba ka gaishe ta ba, gobe sai ta tare ka ta tambaye ka ko gobara kake zuwa kashewa. Tun daga kwana nake ɗaga ƙafa saboda ita. Yanzu kuwa ba kowa, sai wannan kabarin da wani ya gina a tsakiyar titi."

Injiniya bai ce shi ya gina ba.

Bayan shi sai ya tsayar da wata malamar makaranta da ke bi ta nan da yaranta a mota. Ita ta ce ba ta san tsofaffin ba ma.

"Amma a da akwai tukwanen fulawa a nan, ko? Titin yakan matse a wurin, dole mutum ya sassauta ya duba. Ga kuma mutane a zaune. Yanzu ya miƙe kamar filin jirgi, ƙafa da kanta take takawa."

Da ta tafi, ya ɗauke kujerarsa. Sannan ya shiga ciki, ya durƙusa a bakin gadon Inna.

"Ashe ke ce kike tsare titin nan."

"Ni hira nake yi," ta ce. "Su ne suka ga dama suke gaisuwa."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ka tambaya ne? Kai da ka san komai."

A wannan karon ya bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya ji ta bakin kowa, sannan suka je hukuma tare suka nemi izini. Aka fasa babban tudun, aka yi ƙanana masu faɗi a farkon layi da ƙarshensa. Aka zana wurin tsallakawa tsakanin gidajen biyu, shi ya ba da fentin. Aka dawo da tukwanen, aka ƙara wasu a tsallake, aka sa bencin a bayansu yadda babur ba zai iya ratsowa ba. Da kansa ya ɗauko bencin daga sito ya goge shi.

Ƙarshen wata ƙanwar ta zo da mota. Tun daga kwana ta sassauta. Ta tarar da Inna a kan benci da sabuwar sanda, ita da ƙawarta, mai burodi ya leƙo ta taga yana gaishe su. Ta kwana biyu, ta koma ita kaɗai.

Darasi: Kafin ka kawar da abin da ka tarar, tambayi aikin da yake yi, kuma kada sanin da kake da shi ya hana ka tambayar na kusa da kai. Direbobi kuma, mu sassauta a cikin unguwa ko babu mai kallonmu. Ku tura wa maƙwabtanku da duk wanda ke bi ta layinku da mota.