Sandar da Ba Ta Koma Madatsa Ba

A zamanin da, an yi wani sarki da ƙasarsa ke shan ruwan madatsa ɗaya. Wata shekara madatsar ta ƙafe tun kafin tsakiyar rani, aka binne mutum ɗari uku. Sarki ya ce a sare kan Barmo, mai tsaron ƙofar ruwa.

Ga yadda abin ya faru. Dokar masu tsaro ita ce, in an buɗe ƙofa a ba ƙauyen farko sanda, kada a rufe sai ta dawo. Dokar manoma kuwa, sanda na bin ruwa ƙauye zuwa ƙauye, ba a miƙa ta sai na gaba ya aiko nema, na bakwai, wato na ƙarshe, ke mai da ita. A shekarar, ƙauye na biyar ya tashi saboda annoba. Jatau, mai garin ƙauye na huɗu, ya jingine sanda yana jira, ruwa na ta kwarara cikin daji.

Barmo ya durƙusa a fada. "Ranka ya daɗe, kwana arba'in ina kallon ruwan yana tafiya. 'Yata ma tana cikin waɗanda aka binne."

"Ba ka da hannun rufewa?" in ji sarki.

"Kakana ya rufe ba sanda, kakanka ya yanke masa hannun."

Waziri Ƙosau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi mini alfarma ɗaya. Hauni mai sare kai ya ɗaga takobi, kada ya sara, kada ya sauke, sai zobenka ya zaga fadawa bakwai bisa dokar manoma."

Sarki ya yarda. Waziri kuwa ya riga ya aiki bafade na biyar kasuwa. Zobe ya tsaya a hannun na huɗu. Hauni ya yi ta riƙo har ya gaji, takobi ya faɗi ƙasa.

"Wa za a kashe, Hauni ko bafade na huɗu?" in ji Waziri.

Sarki ya ce, "Dokokin biyu duk daga gidan nan suka fito, ba wanda ya taɓa zaunar da su wuri ɗaya."

Ya zartar cewa mai buɗewa ya bi sandarsa da ƙafarsa. Ko ruwa ya kai ƙarshe, ko an tsaya a hanya, ko gaɓa ta fashe, shi zai komo ya rufe.

Aka kwance Barmo. Bai yi godiya ba. Ya ce a nuna masa inda Jatau ya jingine sandar.