Kofin Gahawar Zef

Akwai wani mutum a birnin Tirana mai suna Astrit, aikinsa rubuta sharhin fina-finai a jarida. Sunan jaridar ya kwanta mini, amma kaifin alƙalaminsa ban manta ba. Abin da ya fi rainawa shi ne fina-finan ramuwar gayya na 'yan kuɗi kaɗan.

Wata rana aka aiko masa da wani fim irinsu daga wani ƙauye kusa da garin Shkodra. Wani makanike mai suna Zef ne ya shirya shi da kyamarar aro. Jarumin ya yi ta farautar wanda ya kashe ƙaninsa, da ya ritsa shi kuma sai ya sauke bindiga ya juya.

Astrit ya rubuta: "Jinin da ke ciki ruwan tumatir ne, jarumin matsoraci ne, wanda ya shirya fim ɗin ma da alama haka yake."

Bayan mako guda wata tsohuwa ta kira shi a waya.

"Ɗana, ni ce mahaifiyar Zef. Ƙanin nan ba na fim ba ne kawai, autana ne da aka kashe. Shekara huɗu gari na jiran Zef ya ɗauki fansa. Ya yi fim ɗin ne don ya gaya musu ba zai kashe kowa ba. Yanzu kullum karanta masa rubutunka suke yi a shagon gahawa. Jiya na gan shi yana goge bindigar babansa."

Washegari Astrit ya hau mota zuwa ƙauyen.

Ya tarar da Zef zaune shi kaɗai a shagon, maza na kewaye suna dariya. Wani dattijo mai suna Kol yana ɗaga jaridar.

"Zef, har 'yan birni sun gano ka! Ku kawo wa jarumi gahawarsa."

Aka kawo. Kol ya ɗaga ƙafa ya miƙa kofin ta ƙarƙashin gwiwarsa, yadda ake yi wa wanda ya kasa rama jinin ɗan'uwansa. Hannun Zef yana cikin aljihu.

Astrit ya durƙusa ya karɓi kofin.

"Baba, wannan nawa ne. Ni na rubuta abin da kake karantawa, daga kan kujera, ban taɓa binne ƙani ba."

Ya shanye.

Zef ya dube shi. "To malam, gaya mini tsakani da Allah. Fim ɗin ba kyau ko?"

"Ba kyau. Maganar ba ta fita, kuma an ga inuwar mai kyamara sau uku."

"Sau huɗu," in ji Zef. "Surukina ne, ba ya jin magana."

"Amma ƙarshen nan, kada ka canza shi. Shekara ashirin ina kallon maza suna harbi a fim. Kai kaɗai na ga ka iya sauke hannu."

Zef ya fito da hannunsa daga aljihu. Ya ajiye harsashi biyu a kan tebur, ya tura su gaban Kol.

"Baba, riƙe. Inna na jirana da abinci."

Darasi: Kafin ka yi wa aikin mutum dariya a gaban jama'a, tambayi abin da ya sa ya yi shi, don kalmarka na iya zama abin da zai tura shi ga halaka. In kuma ka yi kuskure, je ka gyara a inda ɓarnar ta sauka. Ku tura wa duk wanda hannunsa ke saurin rubutu.