Farin Zalɓe da Gadin Ruwan Fadama

Dalilin da ya sa kuke ganin farin zalɓe tsaye shi kaɗai a fadama, ƙafa cikin taɓo, ido a kan ruwa, shi za ku ji yanzu. Kai Barau, ajiye danƙon nan. Tsuntsun da kake hari jiya, abin da ke ransa ya ishe shi, ba sai ka ƙara masa da dutse ba.

A can da, Zalɓe fari ne fat tun daga kai har farce, ƙafafun ma farare. Ga murya, in ya yi kira daga wannan gaɓa sai an ji shi a waccan, tas kamar ladan. A lokacin duk tsuntsayen fadama a ƙasa suke yin sheƙa, cikin ciyawa. Abu ɗaya suke tsoro, cikar kogi. Ruwan fadama ba ya sallama. Sai a yi ruwan sama can wata ƙasa mai nisa, nan kuwa rana ƙwal, sai ya taho ta ƙarƙashin ciyawa shiru, kafin a ankara ya ci sheƙa.

Saboda haka kowace damina sai su naɗa mai gadin ruwa. Za a tsayar da shi a bakin kogi, a ɗaura masa zaren kaba a gwiwa. Ranar da ruwa ya taɓa zaren, sai ya ƙwala kira, kowa ya kwashi 'ya'yansa ya yi tudu. Tsohuwar Dinya ce ke ɗaura zaren, don ta fi kowa ganin damina.

Shekarar nan aka zaɓi Zalɓe, ga tsawon ƙafa ga murya. Ya ji daɗi, har da fizgar kai. Matarsa ta ƙyanƙyashe 'ya'ya uku ke nan, ko gashin kirki ba su yi ba, sheƙar kuma tana can ƙasan kwari inda kifi ya fi yawa. Shi da kansa ya cire dogayen gashin bayansa ya shimfiɗa musu a ciki. Iya Dinya ta kai shi wurin tsayuwa, ta ɗaura zaren, ta ce masa ya kafa ƙafarsa a ƙasa, a nan, kada ya matsa ko taki ɗaya.

Kwana ɗaya, kwana biyu, Zalɓe na tsaye. To amma taɓon wurin baƙi ne ƙirin, ga wari, ga matsattsaku suna manne masa a ƙafa suna shan jini. Balbelu, 'yan uwansa masu bin shanu, kullum suka zo wucewa sai sun yi masa dariya, wai ga Dogo ya sa safar taɓo. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya fi cizon matsattsakun ciwo.

A rana ta uku ya hango wani busasshen gungume kwance a gefensa, rabinsa cikin ruwa. Ya taka shi da ƙafa ɗaya, ya ji ko gezau. Sai ya haye, ya wanke ƙafafunsa tas. Ruwa na shafar tafin ƙafarsa, zare na can sama a gwiwa. Ya ce a ransa ai duk ɗaya ne, in ruwa ya ƙaru zai hau ƙafarsa ko a ina yake tsaye.

Da matarsa ta kawo masa kifi ta gan shi a kan gungumen, sai ta tsaya turus.

Ta ce, "Baban yara, nan Iya ta tsayar da kai?"

Ya ce mata ruwan nan da na can ai kogi ɗaya ne, ta koma ta kula da yara ta bar masa aikinsa. Sai ta juya ta tafi. Ni dai da ta yi masa tsiya a wurin, da na gode mata.

Washegari da hantsi ruwa ya taho. Ba iska, ba hadari. Ya shigo a hankali, ya ɗaga gungumen daga taɓo, gungume ya ɗaga Zalɓe. Ruwa ya ƙaru taki ɗaya, gungume ya hau taki ɗaya. Zalɓe na duba ƙafarsa, ruwa na nan a tafin ƙafa inda yake tun jiya. Ya gyara tsayuwa, yana ta gyaran gashi da baki. A bayansa kuwa iyaye sun watse neman abinci hankali kwance, tunda ba su ji kira ba.

Rana ta kusa tsaka sai ya ga wani abu na tahowa a kan ruwa yana juyawa. Sheƙa ce. Wata ta biyo ta, wata ta biyo. Ta huɗun da ta zo daf da shi, sai ya ga dogayen gashi farare a ciki, sun jiƙe sharkaf, ba kowa a kansu. Ya dubi gwiwarsa, zaren a bushe yake ƙayau. Ya waiga, ciyawar fadama duk ta nutse, sai kawunanta ke leƙowa.

A nan ya ƙwala kiran. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, har maƙogwaronsa ya tsage, muryar ta koma wani gurnani mara daɗin ji. Kiran bai ceci kowa ba. Ya faɗa cikin ruwa yana caka baki nan da can, ko zai taɓo ɗaya daga cikin ukun. Bai samu ko ɗaya ba.

Da la'asar tsuntsaye suka taru a kan tudu, ba mai ɗa ko guda. Kuka ya ƙare, sai zaman jugum. Zalɓe ya zo ya durƙusa, ya so a zage shi, ya so a dake shi, ba wanda ya ko ɗaga kai. Iya Dinya ta kwance zaren daga gwiwarsa, ta shafa shi ta ji a bushe, ta yar. Ta ce daga yau ba sauran gadi, kowa ya tsare nasa. Matarsa ce kaɗai ta dube shi.

Ta ce, "Na ga ƙafarka ta yi fari, baban yara."

Ta tashi ta yi gabas, bai sake ganinta ba.

Zalɓe ya koma wurin da aka fara tsayar da shi, ya kafa ƙafafunsa cikin taɓo har ya ji ƙasa. Matsattsaku suka zo, bai kore su ba. Taɓo ya kama ƙafafun, ya rina su baƙi, bai ƙara wanke su ba. Baƙin ciki ya lanƙwasa masa wuya, ko tashi sama zai yi a naɗe yake tafiya da shi. Dangin zalɓe kuwa tun daga ranar a kan itace suke sheƙa, can sama inda ruwa ba ya kaiwa.

Shi ya sa har yau za ku gan shi fari fat amma ƙafa baƙa, tsaye wuri ɗaya tun safe kamar an dasa shi. Ku ce kifi yake jira, to yana ci don kada ya mutu. Amma gadi yake yi, gadin da ba wanda ya sa shi. Ruwa kan zo ya taɓa gwiwarsa kowace damina, ya buɗe baki ya yi gurnanin nan nasa, tsuntsaye su ci gaba da kiwonsu, ba mai waiwayowa.