Mai Shayin da Ya Hana Fure Yin 'Ya'ya

Gatanan gatananku, mutanen wannan shafi.

Ta zo mu ji ta.

Akwai wani mai shayi da ake kira Baba Shuɗi. Teburinsa na bakin titi, jikin shagon wani tela. Shayinsa shuɗi ne shar, in ya matsa lemun tsami a ciki sai ya rikiɗe ya koma shunayya a gaban idonka.

Sirrin kuwa wani fure ne mai yaɗo a katangar bayan ɗakinsa. Marigayiya matarsa ce ta zo da irin daga wata tafiya mai nisa, ƙulle a bakin zane. Ita ma ba ta san sunansa ba. Ta shuka, ta ɗaura masa igiya ya hau, ta koya wa maigidan tsinkar furen da safe da shanya shi a inuwa, don rana na cinye launin.

Tana raye, takan bar wasu furanni su yi 'ya'ya irin na wake. Da ta rasu, Baba Shuɗi ya daina. Kowane fure sai ya tsinke. In wani ya ɓuya a ganye har ya yi 'ya'ya, ƙarƙashin tukunyar shayi yake ƙarewa.

Tela ya sha roƙonsa cikin raha, yana cewa ƙwaya ɗaya fa ya nema, ba gadon gida ba. Baba Shuɗi sai ya ce kowa ya ji da zarensa.

Wata rana ƙanwarsa ta zo gaishe shi, ya ga ta ɓoye 'ya'yan furen a mayafi. Ya miƙa hannu.

"Yaya, a gidana zan shuka, don tunawa da marigayiya," in ji ta.

"Yau gidanki, gobe teburin kowane mai shayi."

Ya karɓe, ya jefa a wuta tana kallo.

Damina ta yi ƙarfi, kwatar bayan gida ta toshe, ruwa ya kwanta a gindin katanga. Kafin ruwan ya janye, ganye ya yi rawaya. Baba Shuɗi ya tona, ya tarar saiwar ta ruɓe, tana narkewa a hannunsa.

Ya durƙusa yana tankaɗe ƙasar wurin da rariya, ko ƙwaya ɗaya ta taɓa faɗuwa. Tsakuwa kawai. Ya zaga wurin masu sayar da shuke-shuke, amma yaya za ka nemi abin da ba ka san sunansa ba? Yana kwatance da hannu, suna nuna masa wasu furanni. Busasshen furen da ya adana a gwangwani kuwa kullum raguwa yake.

Ƙarshe ya shiga shagon tela, ya tsaya kansa a sunkuye.

"Don girman Allah, ka taɓa satar min ko ƙwaya ɗaya? Na yafe tun kafin ka amsa."

Tela ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki, ya dube shi.

"Ina ma na sata, Baba. Ka tsare shi da kyau."

Gidan ƙanwarsa kuwa har ƙofa ya je, ya tuna wutar nan, ya juyo bai yi sallama ba.

Fure na ƙarshe bai dafa shi ba. Yana nan a gwangwani, launinsa na dusashewa. Har yau Baba Shuɗi ake kiransa, yana amsawa, yana zuba shayi ja irin na kowa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan tawa ta tsaya.

Darasi: Irin da ka ba maƙwabci ajiya ka yi, wanda ka hana shi ne ka yi asara. Kada ka bari alheri ya zauna a bayan katangarka kaɗai. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana riƙe da nasa irin yanzu.