Jarrabawar da Ya Faɗi da Gangan

Ya 'yan uwa, kafin in fara, bari in faɗa muku abin da nake tsoro. Ina tsoron kada wani a cikinku ya gane mutumin da zan ba da labarinsa, ya taɓa na kusa da shi, wa'azi ya koma cin naman ɗan'uwa. Unguwar nan tamu ta Lakemba ba ta da girman da za a ɓoye mutum a cikinta. Na nemi izinin iyalinsa, sun ba ni, bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa. Ko alkunyar mahaifinsa ba zan faɗa ba, tun da da sunan ɗan ake kiran uban. Ni ba malami ba ne. Difloma ce gare ni a kan gashin ƙashi, kuma ta wannan aikin na shiga gidan. Idan na yi kuskure, a gyara mini.

An yi wani mutum a unguwar Punchbowl, a nan birnin Sydney, ɗan fari a gidan wani mai gasa gurasa da ya taso daga ƙauyukan Tarabulus. Allah ya ba shi ƙirar jiki da faɗin ƙirji. Tun yana makaranta aka gane cewa an yi shi ne don zari-ruga, wadda muke yi da mutum goma sha uku. Bai cika shekara ashirin ba wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Ɗan gaba ne, wato aikinsa ya rungumi ƙwallo ya afka wa ƙatti uku da ke jiransa, a kayar da shi, ya tashi, ya sake.

Shekarar farko jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ya warke, ya dawo, kafaɗa ta goce. Aka gyara kafaɗa, muƙamuƙi ya karye, aka ɗaure masa baki da waya, ya yi wata guda yana zuƙar romo. Takwarorinsa suna fili, shi yana ɗakin motsa jiki yana koyon taka matakala.

Mu kuma me muka yi masa? Idan ya shigo shagon gasasshiyar kaza, sai wani ya ce, "Ku matsa, ga Tangaran nan, kada iska ta taɓa shi ya tsage."

Wani ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah kai ɗan wasa ne ko ma'aikacin asibiti? Ai ya kamata su yanka maka ɗaki a can."

Yana dariya tare da su, amma kunyar tana cin sa. Kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, ya yi aure, kuma koci ya daina tambayarsa jiki.

Yanzu ga inda zunubin ya shigo. Kun san cewa kafin a buɗe kakar wasa, likitar ƙungiya takan gwada kan kowane ɗan wasa tun yana lafiya. Ta karanta masa kalmomi ya maimaita, ya jera watanni daga ƙarshe zuwa farko, ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. Sai ta adana sakamakon. Ranar da aka buge shi a kai a fili, a fitar da shi a sake gwajin. Idan ya kasa kamo sakamakonsa na farko, ba zai koma ba, kuma zai zauna a gida har kan ya huce. An yi wannan ne don a tsare masa hankalinsa.

Ana gobe gwajin, wani tsohon hannu a ƙungiyar, mutumin Tonga mai suna Kelepi, ya ja shi gefe.

Ya ce, "Yaro, gobe kada ka je ka nuna musu kai mai ilimi ne. Idan ta ba ka kalmomi, ka zubar da wasu a hanya. Idan ta ce ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka yi tangaɗi kamar kakarka. Ranar da aka fasa maka kai, da wannan wawan za a gwada ka, shi kuwa wawa ba ya wuyar kamowa."

Mutumin namu ya ce, "Wannan ai ƙarya ce."

Kelepi ya ce, "To, ka faɗi gaskiya, baɗi war haka kana murza ƙullu a shagon babanka."

Washegari ya shiga ɗakin likita, ya faɗi jarrabawar da gangan. Ya tsallake wata guda a jerin watanni, ya mance kalmomin da ke kan harshensa, ya dafa bango. Likitar ta dube shi, ta ce, "Ka tabbata iyakar ƙoƙarinka ke nan? Na ga ka gama makaranta da sakamako mai kyau."

Ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce, "Wallahi, Likita, iyakata ke nan. Mu 'yan gaba ba don kai aka ɗauke mu ba."

Ta yi dariya, ta rubuta.

Ya 'yan uwa, ku lura da wannan wallahi. Mun mayar da ita kamar gishiri, a kan mota, a kan ƙwallo, a kan wa ya fi wa ci. Matar nan ba ta san nauyin kalmar ba. Shi ya sani.

A tsakiyar kakar aka yi wani babban wasa. Ya rungumi ƙwallo, kansa ya haɗu da ƙugun wani ƙato, ya zube. Ya tashi yana tangaɗi, ya nufi inda ba nan ƙungiyarsa take ba. Aka fitar da shi, aka gwada shi, sakamakon ya yi daidai da na farko. Aka mayar da shi fili. Saura kaɗan a tashi, ya ture mutum biyu ya dire ƙwallon a bayan layi, ƙungiyarsa ta yi nasara.

Da yawanku kuna kan titi a ranar. Ganguna, odar motoci, tutoci ta taga. Waɗanda suka kira shi Tangaran su suka ɗaga shi a kafaɗa. Mahaifinsa ya buɗe shago ya raba gurasa mai barbaɗen kayan ƙamshi na za'atar kyauta har ƙullu ya ƙare.

Da safe matarsa Nuhad ta same shi a gaban talabijin yana kallon maimaicin wasan. Ya nuna hotonsa, ya ce, "Wa ya miƙo mini ƙwallon nan?"

Ta ce, "Wasa kake yi?"

Ya ce, "Tun daga hutun rabin lokaci ban san abin da ya faru ba." Sai ya faɗa mata dabarar Kelepi, yana murmushi, kamar wanda ya ci riba a ciniki.

Ta ce, "Ka je ka faɗa wa likitar."

Ya ce, "In faɗa mata me? In koma Tangaran? Jiya Baba ya rungume ni a gaban mutane, Nuhad. Tun ina yaro bai yi haka ba."

Aka sabunta masa kwantiragi. Kowace shekara yakan sake faɗuwa jarrabawar, domin wanda ya fara ba ya iya dawowa ya zama mai kaifin kai ba tare da an tambaye shi dalili ba. An sha buge shi, an sha gwada shi, an sha mayar da shi. Jaridu suka ce ba a taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. A ƙarshe gwiwar ce ta zaunar da shi, ya ajiye wasa, ya koma shagon mahaifinsa da sunansa da mutuncinsa. Ya ɗauka ya tsira.

Bayan wasu shekaru abin ya fara fitowa. Ya zuba gurasa a tanderu ya fita ya bar ta ta ƙone. Ya tsaya salla ya rasa raka'ar da yake. Mutumin da ba a san shi da faɗa ba ya fara yi wa masu ciniki tsawa. Wata rana aka same shi a tsaye a layin da aka haife shi, yana tambayar wani baƙo hanyar gidansu.

Mahaifinsa da Nuhad suka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan ya nemo tsofaffin sakamakonsa daga ƙungiyar, ya gwada shi, ya kwatanta, ya ce, "A gaskiya ba ka yi nisa da yadda kake a da ba. Ƙila damuwa ce da rashin barci."

Kun gani? Ƙaryar da ya ajiye ta tsaya a ƙofa ta hana taimako shigowa.

Ya sunkuyar da kai. Nuhad ta ce, "Ka faɗa masa, ko ni in faɗa."

A nan, a gaban mahaifinsa, ya faɗi komai. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka rantse mata?"

Ya ce, "Na rantse, Baba."

Tsohon ya ce, "Ni kuma na raba gurasa."

Ya miƙe, suka kama hanyar gida.

Ba zan ce muku na san gaibu ba. Likitan da kansa ya ce ba wanda zai iya tabbatar da abin da zai faru da an hutar da shi. Amma hutun da kan yake bukata bayan kowane bugu, shi ne ya hana kansa, da hannunsa, da rantsuwarsa.

Malamai sun koya mana cewa hankali yana cikin abubuwan da addini ya zo ya tsare. Jikin nan ba namu ba ne, aro aka ba mu. Mutumin nan bai sha giya ba, bai ci haƙƙin kowa ba, bai bar azumi ba ko a ranar wasa. Ya ha'inci wadda aka sa ta tsare shi, ya sa sunan Allah a kai, don kada a yi masa dariya a shagon kaza. Kuma su wa suka yi dariyar? Su wa suka tafa sa'ad da ya dawo fili ido a juye? Ya 'yan uwa, a cikinku akwai masu yin wannan gwajin bana. Ku faɗi gaskiya a ɗakin likita, ko da za ta ajiye ku a benci. Mu kuma na gefe mu kama bakinmu daga mai rauni.

Saura abu ɗaya, shi ya fi yi mini nauyi.

Bara mahaifinsa ya rasu. Ɗan da kansa ya shiga kabarin ya kwantar da shi. Washegari da asuba ya tafi shago, ya tarar da shi a rufe, ya dawo gida ya ce wa mahaifiyarsa, "Umma, ina Baba? Bai kunna tanderu ba."

Ta faɗa masa. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na wanda ya ji yanzu. Bayan kwana kaɗan ya sake tambaya. Aka sake faɗa masa, ya sake kukan. Wani lokaci yakan tuna da kansa, wani lokaci abin ya goge. Mutum ɗaya ya rasu, amma ɗansa ya yi ta karɓar labarin rasuwar sabo.

Ina gidan wata rana da hantsi, ina gasa masa gwiwa a falo, mahaifiyarsa da Nuhad da ƙannensa suna zaune. Ya ɗaga kai ya ce, "Umma, Baba bai dawo ba?"

Ƙanensa ya buɗe baki, tsohuwar ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Yana shago, ɗana. Ka miƙe ƙafarka a gama maka."

Ya ce, "To." Ya kwanta, hankalinsa kwance, har barci ya ɗauke shi.

Ba wanda ya iya kallon wani. Ni dai hannuna yana kan gwiwarsa, na rasa inda zan sa idona. Tsohuwar da ba a taɓa jin ƙarya a bakinta ba ta gyara mayafinta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ku ji da kyau. Daga yau ba wanda zai ƙara faɗa masa. Duk sa'ad da ya tambaya, mahaifinsa yana shago. Idan akwai zunubi a ciki, ni na ɗauka, ni zan amsa. Allah ya yafe masa, ya yafe mini, ya kiyaye 'ya'yan mutane."