Kibiyar da Ta Sauko da Nomau

Dalilin da ya sa kuke ganin maharbi ya ɗora kibiya kan yatsa, ya ɗan lanƙwasa ta kafin ya jefa ta kwari, ku matso ku ji, yara.

A da, maharban garinmu kibiya iri ɗaya suka sani: kyauro siriri, da ɗan ƙarfe a baki. Da ita ake harbin zabo, da ita ake harbin gada. Wanda tasa ta fi nisa shi ne gwani, kuma a lokacin babu wanda ya kai Jatau.

Wata shekara da rani wani tsohon ɓauna ya rabu da garke ya tare a mashaya. Mata suka daina zuwa ɗiban ruwa. Jatau ya ɗauki baka, wansa Nomau ya raka shi. Daga nesa Jatau ya saki kibiya uku, duka suka samu. Biyu suka karkace suka faɗi, ɗaya ta maƙale a fata tana reto. Ɓauna ya juyo. Jatau ya faɗa kwazazzabo ya tsira, Nomau kuwa ya haye wata kanya da ƙyar. Ɓauna ya zo gindinta ya tsaya, yana tunkuyin itacen, ya ƙi tafiya.

Jatau ya ruga gida ya shiga maƙera, ya sa aka buga masa bakin kibiya mai faɗi da nauyi. Ya ɗaura shi kan kyauronsa, ya gwada a jikin suri bayan gida. Kibiyar ta tafi tana wutsil-wutsil, ta wuce gefe. Ya sake, haka. Rana ta faɗi, gari ya waye, rana ta sake takewa, Nomau na bisa itace ba ko kurɓin ruwa.

Mahaifiyarsu Tabawa tana bakin zaure tana kaɗi. Tun jiya ba ta ci komai ba, hannunta kawai ke aiki.

"Kawo in gani," in ji ta.

"Inna, wannan ba aikin mata ba ne."

"Ɗana ne a kan itacen. Kawo."

Ta ɗora kibiyar kan yatsa, bakin ya rinjaya ƙasa. Ta lanƙwasa ta, ta tanƙwaru kamar zare.

"In na sa gululu mai nauyi a siririn mazari, rawa yake yi, zaren ya tsinke. Kan nan ya fi ƙarfin jikin nan. Nemo mai ƙwari."

Jatau ya saro gora mai kauri. Wannan ba ta yi rawa ba, amma ta kauce hagu ta dunguri ƙasa tun kafin suri.

"Wannan kuma ta cika taurin kai," in ji Tabawa. "Bakanka bai iya da ita."

Suka baje damin kyauro a ƙasa, suna ɗauka ɗaya-ɗaya, tana lanƙwasawa, yana aunawa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can suka sami wani tsohon kyauro mai kauri, wanda in an matsa shi yake bayarwa kaɗan ya koma. Jatau ya harba, kibiyar ta tafi sak, ta nutse cikin suri. Sai dai nauyinta bai barinta ta yi nisa. Ya ƙirga, taku ashirin.

"Sai na je gabansa ke nan," ya ce a hankali.

Tabawa ta dube shi. Ɗa ɗaya a bisa itace, ga na biyu zai tafi. Ta miƙa masa goran ruwa ta ce, "Na yayanka ne. Kada ka zubar."

Ya bi ta ƙarƙashin iska yana jan ciki. Ya hango Nomau ya ɗaure kansa da rawani a reshe, kansa ya langaɓe, Jatau bai san ko yana da rai ba. Taku talatin, yana jin hucin ɓauna. Taku ashirin da biyar, kara ya karye a ƙarƙashin gwiwarsa. Ɓauna ya ɗaga kai, kunnuwansa suka miƙe. Jatau ya daskare, ƙuda na yawo a idonsa, bai ƙifta ba. Da dabbar ta juya ta sake tunkuyin itacen, Jatau ya ƙara matsawa taku biyar, ya tashi kan gwiwa, ya ja tsirkiya har kunne, ya saki bayan hammata.

Kibiyar ta shige har rabi. Ɓauna ya zabura, ya yi cikin ciyawa, aka ji faɗuwarsa.

Jatau ya hau ya kwance wansa. Yatsun Nomau sun ƙage a jikin reshe, sai da aka ɓamɓare su ɗaya-ɗaya. Ya sha ruwa, sannan ya ce da dusasshiyar murya, "Ka jima."

"Kibiya nake nema, Yaya."

Shi ya sa har yau maharbi ba ya fita neman babban nama sai ya auna kibiyarsa a yatsa, ya lanƙwasa ta ya ji ƙwarinta, ya tabbata ta dace da bakansa. Marasa nauyin kuwa, zabi ake bar wa.